Baba yana jin babur amma ba ya gane magana, yarona kuma kunnensa na ruwa: gado ne?

Ɗan Mai Inji, Ƙofar Marusa

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambaya gare ni, amma sai kun yi haƙuri na ɗan yi shimfiɗa, don idan ban faɗi yadda abin ya faro ba, ba za a gane inda ya dame ni ba.

Mahaifinmu ya yi shekara 31 yana riƙe da injin niƙa a nan Ƙofar Marusa. Tsohon Lister ne mai bel, irin wanda idan aka tayar da shi har kwanukan maƙwabta sai sun yi rawa. Ɗakin injin rufin kwano ne, ba taga sai wata 'yar kafa can sama. Daga hantsi har bayan la'asar yana ciki, da azumi kuwa tun da sassafe yara ke jera bokitan waken ƙosai. Da wannan ƙarar aka ciyar da mu, da ita aka biya mana kuɗin makaranta. Ban taɓa ganin ya rufe kunnensa da komai ba, in ban da hular sanyi lokacin hunturu.

Yanzu shekararsa 68, ya bar wa ƙanena injin. Kimanin shekara 6 ke nan muka fara lura. Shirin dare na BBC da yake saurare a zaure, har gida na uku ana ji. Amma ga inda abin ya ɗaure mani kai: idan na tsaya da babur a ƙofar gida, shi ne farkon wanda zai ce "ga wane nan ya dawo". Yana jin kiran salla, yana jin bugun ƙyaure. Sai Mama ta yi mashi magana daga tsakar gida, sai ka ji "Iye?" har sau uku. Ita dai ta yanke hukunci tuntuni, wai kunnen uwar shegu yake yi mata, musamman in maganar cefane ce. Rannan na ce mashi za mu tafi ƙarfe shida, ya dube ni ya ce "Wane gida?" Na ɗaga murya na maimaita, sai ya dafe kunne ya ɓata rai: "Kai, ni kurma ne da kake mani ihu?"

Wanda ya fi yi mani ciwo a wajen wani ɗaurin aure ne. Tsohon abokinsa ya duƙo yana gaya mashi rasuwar ƙanwarsa, Baba yana murmushi yana gyaɗa kai, ya ce "Madalla, madalla." Da muka dawo na gaya mashi abin da aka ce, bai ci tuwon dare ba. Tun daga nan ya rage fita taro. Da dare kuma yakan ce gyare na yi mashi kuka a kunne, har ya taɓa sa aka ɗage katifa ana nema.

Sai kuma ɗana, ɗan shekara 5. Hunturun bara ya yi mura, ya kwana biyu yana kuka yana riƙe da kunnen dama. A rana ta uku muka ga mugunya a kan filo, ciwon ya tsaya cak, muka yi hamdala. Tun daga lokacin ruwan ke ɗaukewa ya dawo. Kakarsa ta goge mashi da gashin kaza ta matsa ruwan albasa, ni ma na sayo wani maganin ɗigawa a kemis, shiru. Yanzu malamin Islamiyya ya aiko wai yaron ya fara kunnen ƙashi, sai an kira shi sau biyu.

Makon jiya Goggo ta zo ta haɗa biyun wuri guda, ta ce ai kurumta a jininmu take, daga kaka ta tsallako zuwa jika. Matata na da ciki wata 7, tun ranar ba ta yi barcin kirki ba. To don Allah, ciwo ɗaya ne ke damun Baba da yaron? Kuma ta yaya mutum zai ji babur daga waje amma ya kasa jin matarsa?

Maman 'Yan Biyu

Wa alaikumus salam. Allah ya ba su lafiya. Ka samo man zaitun mai kyau ka haɗa da na habbatussauda, ka ɗan ɗumama, a riƙa ɗiga masu safe da yamma. Ni da kunnena ya toshe bara shi na yi, kwana 4 ya buɗe. Shi kuma Baba ai girma ne, sai haƙuri.

Sista, Ƙofar Ƙaura

Hajiya, don Allah kar a ɗiga wa yaron nan. Naki dauɗa ce ta taru ta bushe, man ya tausasa ta, shi ya sa ya yi maki aiki. Kunnen da ke fitar da mugunya kuwa, galibi dodon kunnen a huje yake, duk abin da aka zuba zai zarce ciki.

Malam, ka fara kwantar wa uwar yara da hankali. Ni ma'aikaciyar jinya ce, shekarata 9 a sashen kunne, hanci da maƙogwaro. Sai an leƙa kunne ake yanke magana, amma yadda ka zayyana, na Baba daban, na yaro daban, kuma babu wanda ya yi kama da gado a cikinsu.

Ka ɗauki kunne kamar gidanmu na gargajiya. Ramin da muke gani shi ne zaure. A ƙarshensa akwai wata siririyar fata a ɗame kamar ta kalangu, ita ce dodon kunne. Bayanta akwai ɗan fili mai iska, da ƙananan ƙasusuwa 3 riƙe da juna, na ukun shi ne mafi ƙanƙanta a duk jikin ɗan Adam, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Can ƙurya kuma akwai wani abu a nannaɗe kamar dodon-koɗi, cike da ruwa, da wasu ƙwayoyi masu gashi-gashi kimanin 15,000 a kowane kunne. Su ke karɓar girgizar sauti su miƙa wa jijiya, jijiya ta kai ƙwaƙwalwa.

Ko dai sallama ta maƙale a hanya ba ta isa ƙurya ba, ko kuma ta isa amma masu amsawar sun mutu. Rashin ji kusan duk a nan ya rabu.

Na yaronka na hanya ne. Akwai wata 'yar kafa da ta haɗa bayan hanci da filin nan mai iska, ita kake ji ta yi "ɗas" idan ka haɗiyi yawu a mota. Ta yara gajera ce kuma a kwance take, don haka mura ke saurin hawa kunnensu. Mugunya ta taru a bayan dodon kunne tana tura shi, shi ne kukan kwana biyun nan. Ranar da kuka yi hamdala, ranar fatar ta fashe. Sau da yawa takan haɗe da kanta, amma idan ruwa ya wuce mako 2 yana zuba, ciwon ya zauna ke nan. Fatar da ta huje ba ta kaɗawa yadda ya kamata, sai ya riƙa jin magana kamar daga bayan katanga. Ba taurin kai ba ne, a gaya wa malaminsu. Dauɗa, ƙwayar wake ko dutsen ado da yara ke turawa, ruwa mai yauƙi da ke kwanciya a bayan dodon kunne ba tare da ciwo ba, duk 'yan wannan gidan ne. Daɗinta, yawancinsu suna jin magani, wasu kuma da aikin tiyata a faci fatar.

Sai dai kar a yi sake. Ciwon da ya daɗe yana iya cinye ƙasusuwan nan, ko ya ratsa ƙashin bayan kunne, har ya kai ƙwaƙwalwa. In ka ga kumburi a bayan kunne, ko zazzaɓi da ciwon kai mai tsanani, ko jiri, ko baki ya karkace, a ranar za a tafi asibiti, ba gobe ba. Kafin nan a daina gashin kaza da tsinken ashana, a toshe kunnen da auduga mai ɗan basilin lokacin wanka. Maganin kemis ɗin ma ka ajiye ka tafi da kwalbar likita ya gani, don akwai masu ɗigawa da ba a so su shiga kunnen da ya huje.

Na Baba kuma na ƙurya ne. Ƙwayoyin nan masu gashi, wanda ya mutu ya mutu, ba ya sake tsirowa. Kuma ba lokaci guda suke tafiya ba. Waɗanda ke bakin hanya su ke ɗaukar siririn sauti, su ke fara ƙarewa. Babur, bugun ƙyaure, muryar ladan a lasifika, duk masu kauri ne, yana da sauran masu ɗaukar su. Amma "s" da "sh" da "f" da "ts" sirara ne, ba su da ƙarfi. Ka cire "sh" daga "shida", me ya rage? "Ida". Sai ƙwaƙwalwa ta cike gurbin da abin da ta ga ya fi kusa, ta ba shi "gida". Muryar mata da ta yara ta fi siranta, shi ya sa Mama ta fi kowa shan "Iye". A wanke shi daga zargin cefane. Ihun da ya ƙi ma gaskiyarsa ce: kunnen da ƙuryarsa ta lalace, ƙaramin sauti ba ya isa, babba kuma sai ya soke shi fiye da yadda zai soki mai lafiya. Gyaren nan shi ma daga can ƙuryar yake, ba a ƙarƙashin katifa ba.

Da desibel ake auna ƙara. A ƙa'idar wuraren aiki, desibel 85 awa 8 ne iyakarsa a rana, kuma duk ƙarin 3 lokacin na raguwa da rabi: 88 awa 4, 91 awa 2, 100 kuwa minti 15 kacal. Ba sai da na'ura ba, idan wanda ke tsaye kusa da kai iya tsawon hannu ba ya jin ka sai ka ɗaga murya, wurin ya kai matakin cutarwa. Ka tuna yadda ake ciniki a ɗakin injinku, da baki ko da yatsu? Shekara 31 a haka, sannan ga girma ya hau kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin waɗanda suka haura shekara 60, fiye da kashi 25 cikin 100 na da raunin ji mai hana su mu'amala.

Akwai kuma masu haɗa biyun, misali tsoho mai lalacewar ƙurya ga kuma dauɗa ta cushe zaure. Don haka a leƙa na Baba ma, wani lokaci cire dauɗar kaɗai na dawo da wani abu. Ka kai su sashen kunne na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina. In abin ya buƙaci gaba, akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna.

Badauri

Ɗan'uwa, maganar Goggo ce ta sa na kasa wucewa, don mu an gaya mana irinta shekara da shekaru.

Ƙanwata da jinta aka haife ta, surutu gare ta kamar aku. Da zafin 1996 sanƙarau ya shigo, wanda ya kama sama da mutum 100,000 a ƙasar nan ya kashe sama da 11,000, yawanci a nan Arewa. Tana shekara 7, ni ina 10. A unguwarmu a Daura gida uku a jere aka yi rashi. Ita Allah ya yi da sauran kwana, aka sallamo ta bayan kwana 12, tana tafiya tana tangaɗi kamar mai koyon tafiya. Ina tuna Inna ta saki kwanon sha a bayanta, kowa ya zabura, ita ko waiwaye. A nan Inna ta zauna a ƙasa.

An ce iska ce, an yi hayaƙi, an sha rubutu, an kai ta har ƙetaren iyaka wajen wani mai magani. Maganarta ta riƙa lalacewa a hankali tunda ba ta jin kanta, har yaran unguwa suka koma kiran ta bebiya. Sai da wani kawunmu ya tsaya kai da fata aka kai ta makarantar kurame ta Malumfashi. Yau tela ce, ta fi ni rubutu mai kyau, da maganar hannu kuma ta fi kowa gulma a gidanmu.

Ga inda nake so ka nuna wa Goggo. Mijinta shi ma kurma ne, amma shi da kurumtar aka haife shi, shi da ƙanensa ɗaya. Iyayensu duka suna ji ras, auren zumunci ne, ɗan wa da 'yar ƙane. Likita ya ce masu kowanne na ɗauke da abin a ɓoye, sai da suka haɗu ya fito. Wato ta gadon ma ba lallai sai an ga kurma a gidan ba, yawancin yaran da ake haifa kurame iyayensu masu ji ne. Su kuma ƙanwata da mijinta 'ya'yansu 4, duk suna ji, har ƙarar buɗe ledar biskit daga ɗaki na biyu. Abin da sanƙarau ko inji ya yi maka ba ya bin jini.

Sista, ina da tambaya. Wani maƙwabcinmu an yi ta yi mashi allurai a gida na wajen mako 2 saboda ciwon mara, ba a asibiti aka rubuta ba. Tun daga nan jinsa ya ragu, kuma ba ya iya tafiya cikin duhu. Allura na yin haka?

Tela, Sabuwar Unguwa

Ni dai gargaɗi zan yi da kaina. Shekara 2 da suka wuce na kwanta lafiya, na tashi da asuba kunnen hagu ɗif, kamar ruwa ya shiga, ga wani zuuu. Ba ciwo, ba mugunya. Na ce dauɗa ce. Na sa tsinken auduga, na ɗiga mai, na je wani ya wanke mani da sirinji. Lokacin ɗinkin Salla ne, wa ke da lokacin layin asibiti? Sai bayan mako 7 na je. Likitan ya leƙa ya ce kunnen fes yake, matsalar a ƙurya take, kuma da na zo a kwanakin farko akwai maganin da ake gwadawa. Har yau bai dawo ba. Abin da ban taɓa zato ba, da kunne ɗaya ba ka sanin daga ina sauti ya fito. In mai Keke Napep ya yi oda sai na juya ko'ina ina nema.

Sista, Ƙofar Ƙaura

Malam tela, sannu, Allah ya kiyaye ɗayan. Jama'a ku riƙe wannan: ji ya ɗauke farat ɗaya a kunne guda, ba ciwo ba ruwa, na gaggawa ne. Maganin ya fi aiki a kwanakin farko, bayan mako 2 damar ta ragu ƙwarai.

Malam Badauri, tana yi. Alluran kashe ƙwayoyin cuta irin su gentamicin da streptomycin da danginsu na iya kashe ƙwayoyin ji da na daidaita tsayuwa, tunda duk a ƙurya ɗaya suke zaune, shi ne rashin iya tafiya a duhun. Magunguna ne masu ceton rai, amma da awo ake ba da su, ana duba nauyin mutum da ƙodarsa. Kwinin ma na sa kunne ƙara da toshewa, sai dai nasa yawanci yana washewa in an gama sha. Cikin cututtuka, ban da sanƙarau akwai ƙyanda da hangum, sai zazzaɓin Lassa, wanda kusan 1 cikin 4 na waɗanda suka tashi ke samun raunin ji.

Ɗan Mai Inji, ga na mai ciki. Abin da za ta sa wa ido ba maganar Goggo ba ce. Ta ci gaba da awo, ta haihu a asibiti, don doguwar naƙuda da ke hana jariri iska na taɓa ji. In idon jariri ko jikinsa ya yi ɗorawa a makon farko, shawara ce, a kai shi a auna, kar a tsaya shanya shi a hantsi, mai tsananin na lalata jijiyar ji. A cika rigakafi. Sannan ku lura: yana zabura in ƙyaure ya bugu? Wajen wata 6 yana juyowa inda ake magana, yana gwalantu? In babu, kar a jira a ce ai wane ma bai yi magana da wuri ba.

Ɗan Mai Inji, Ƙofar Marusa

Jama'a na dawo, Allah ya saka da alheri. Mun je ranar Talata. Sai da na ce wa Baba jikansa zai raka kafin ya yarda ya hau babur.

Yaron dai kamar Sista ta leƙa da idonta. Akwai huji a dodon kunnen dama, likita ya zana mani shi a bayan kati, ya ce na hagun lafiya lau. An zuƙe mugunyar da wata 'yar na'ura, an canza maganin ɗigawa, an koya wa uwarsa yadda za ta murza takarda mai laushi ta tsane ruwan kafin ta ɗiga. Za mu koma bayan mako 2, in ya bushe a auna jinsa, a ga ko fatar za ta haɗe da kanta. Na je Islamiyya da kaina na roƙi malam ya dawo da shi gaba, ta yadda kunnen hagu zai fuskance shi.

Shi kuwa Baba an fara ciro mashi dauɗa daga kunnen hagu, baƙa ƙirin, girman ƙwallon dabino saura kaɗan. Ya daɗe yana kallon ta. Sannan aka shigar da shi wani ɗan ɗaki mai kaurin bango, aka sa mashi abin sauraro, aka ce ya danna duk lokacin da ya ji ƙara. Ina kallonsa ta gilashi. Da farko yana dannawa da sauri har da murmushi. Can sai na ga mai gwajin na ta murɗa abinta, Baba kuma ya zauna shiru yana jira a fara. Da ya fito ya ce mani na'urarsu ce ta lalace a tsakiya. A takardar, layin da ke nuna jinsa ya taho a sama a sama wajen sauti mai kauri, yana zuwa wajen 2,000 a ma'aunin sirantar sauti ya gangara, a 4,000 ya faɗa rami, kunnuwa biyun kusan iri ɗaya. Ta ce wannan ramin sun saba ganinsa wajen masu inji da maƙera. Sun ba da shawarar na'urar ƙara ji wadda za a saita daidai da takardarsa, sun ce kar mu sayi ta kasuwa da ke ɗaga kowane sauti gaba ɗaya. Kuɗin ba kaɗan ba ne, za mu zauna da 'yan'uwa bayan Juma'a.

Mama ta ji bayani, ta ce to ta yafe rabin zargin. Yanzu takan zo gabansa ta zauna, ya ga bakinta, ta yi magana a hankali ba ihu, kuma ta gano in ya kasa kama kalma gara ta canza wata da ta maimaita. Goggo ba ta ce komai ba tukuna.

Saura ƙanena. Shekararsa 6 a kan injin. Na sayo mashi abin rufe kunne irin na ma'aikatan filin jirgi, jiya na leƙa na tarar da shi a rataye a ƙusa, gari ya lulluɓe shi. Wai in ya sa ba ya jin canjin sautin inji lokacin da bel zai zame, kuma yara na yi mashi dariya. Na tambaye shi ko kunnensa na yin ƙara in ya tashi aiki, ya ce ai kullum ne, zuwa safe ya daina. Sista, shi ma in kawo shi a gwada, ko shekara 6 bai isa a ga komai a takarda ba?